Kwanar Agwagwa

Duk faɗin kwarin kogin Douro ba a yi mutum kamar Injiniya Anselmo Valadares ba, kuma in ka tambaye shi zai tabbatar maka da haka. Shi ne Mataimakin Babban Mai Kula da Allunan Hanya na gundumarmu. Duk allon da ka gani an rubuta "rage gudu" ko "akwai kwana a gaba", da sa hannunsa aka kafa shi. Ya sha gaya mana cewa ba don shi ba, da yanzu rabin mutanen ƙasar nan suna cikin kogi. Ba wanda ya taɓa ganin takardar injiniyancinsa, amma ka kuskura ka kira shi Anselmo zalla, ko gaisuwarka ba zai amsa ba. Ni Ermelinda, shekara ashirin da biyu ina buga masa takardu, na san tarinsa na fushi, na san na jin daɗi. Abu ɗaya Allah ya rage shi da shi don kada ya fi ƙarfin duniya, wato ƙafa. Lamba arba'in da bakwai ce, faffaɗa kamar faranti, takalminsa sai an yi oda daga birni.

To, 'yarsa Filipa ta samu miji, ɗan Dona Benedita Sarmento ta birnin Porto, wata dattijuwa mai sanda mai kan azurfa, wadda dangin marigayin mijinta suka yi suna wajen sayar da giyar inabi tun kaka da kakanni. Ranar da Injiniya ya je gaishe ta, kujera ta yi masa laushi, baki ya kwance. Ya ce shi ma jinin masu gandu ne, ƙaddara ce kawai ta sa aka sayar da gonakinsu. Alhali kaf garinmu an san a ƙauyen Covas do Freixo aka haife shi, ubansa ɗaukar kwandon inabin wasu yake yi a gadon baya, yayarsa Deolinda kuma tana can har yau. Shekara talatin rabonsa da ƙauyen. Sai Dona ta ce kafin a sa rana tana so a zaga da ita a mota ta ga kwarin surukanta. Injiniya ya dawo ofis yana murmushi, gumi na bin wuyansa. A lissafinsa, ranar da Dona ta ga Covas, aure ya watse, sunansa ya bi ruwa.

Mako uku aikin gwamnati ya tsaya cak. Aka haɗa tebur uku aka shimfiɗa taswira. Ya tara mu, ya ɗauki sandar nuni, ya gyara murya.

"Ku saurara ku ƙaru. Jahili shi ke shiga mota ya tafi. Mai ilimi tsara wa ido abin da zai gani yake yi, ya tsara wa zuciya lokacin da za ta buga. Ermelinda, rubuta."

Na rubuta, shafi goma sha tara. Ƙarfe tara da minti arba'in, tsayawa a kan tudu, Dona za ta yi mamaki, minti huɗu. Sha ɗaya da minti biyar, shiru don girmama kogi. Sha biyu, Injiniya zai yi bayanin tarihin allon farko da ya kafa. Covas kuwa ya zagaye shi da jan biro, ya ƙirƙiro zagayen kilomita arba'in don kauce wa hanyar kilomita uku. Ya ce ta wajen can ba a ganin kogi da kyau.

Da aka zo maganar rana, ya zaɓi makon ƙarshe na Satumba, wai lokacin ne ganye ke yin ja. Duk ofis muka kalli juna. Ko jariri a kwarin nan ya san makon yankan inabi ne, makon da ko limamin coci yake riƙe almakashi. Amma Injiniya ya yi shekara talatin yana koya wa kansa rashin sanin lokacin yankan inabi, kuma tsakani da Allah ya ci jarrabawa. Na yi tari sau biyu, ya ce in nemi magani.

Ranar tafiya ya fito da baƙar motarsa tana ƙyalli, ya sha kwat da laktaye da farar malafa. Ni aka sa a gaba in riƙe agogo da shafi goma sha tara, Dona da Filipa suna baya. Ƙarfe tara da minti arba'in muka tsaya a kan tudu. Gonakin inabi hawa-hawa a jikin dutse har ƙasa, kogi na walƙiya, abin gwanin kyau. Dona tana can tana neman tabaronta a jaka. Injiniya, da yake mai karamci ne, ya ƙara mata minti ɗaya, amma ba ta yi mamakin ba. Shirun girmama kogi kuma a bayan tarakta muka yi shi, muna shaƙar hayaƙi.

Wajen sha biyu saura muka ci karo da allo, sabo fil, a tsakiyar titi. An rufe hanyar bakin kogi ga ƙananan motoci saboda manyan motocin inabi, a bi kibiya. Injiniya ya fito yana huci.

"Wane daƙiƙi ne ya ba da wannan umarni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai sa hannu a ƙasa."

Ya sunkuya ya duba. Ni na buga takardar a watan Agusta, shi ya sa hannu bai karanta ba, kamar yadda manya ke yi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. A bayanmu manyan motoci uku na ta danna hon, hanya ba ta da faɗin juyawa, kibiya kuma ta miƙe sambal zuwa Covas do Freixo.

Muna shiga ƙauyen ya ja malafa har kan hanci.

"Wannan wuri ba shi da tarihi, Dona. A ɗaga gilashi, akwai ƙuda."

Sai ga tarakta ta tare lungu. Wata tsohuwa kakkaura, hannu duk shuɗin inabi, ta sauke kwando ta leƙo ta taga.

"Agwagwa? Kai ne, ko idona?" Sunan da ake kiransa ke nan a ƙauyen tun yana yaro, saboda faɗin ƙafa.

"Baiwar Allah, kin yi makuwa," in ji Injiniya.

Ta leƙa ƙasa inda ƙafarsa ɗaya ta rufe birki da totur gaba ɗaya.

"Fuska dai na iya mantawa, ɗan'uwa, amma wannan ƙafar ni na yi ta wanke ta har ka shekara bakwai."

Kafin ya buɗe baki Filipa ta ɓalle ƙofa ta rungume ta tana cewa Gwaggo Deolinda. Ashe duk Lahadin da yarinya ke cewa za ta ɗakin karatu, nan take zuwa cin abinci.

A makon yankan inabi ba a baƙo a kwarin nan. Wanda ya shigo a ba shi abinci, ya gama a ba shi aiki. Aka zaunar da Dona a inuwa da miyar kabeji da burodin masara da gasasshen kifi, ta ajiye sanda ta kama ci har da neman ƙari. Da la'asar aka cika kwarmin dutsen da ake tattaka inabi da ƙafa a ciki don yin giya, mai faɗin ɗaki guda. Maza takwas ake so su jeru kafaɗa da kafaɗa, bakwai ne suka samu. Deolinda ta kalli ƙaninta.

"Yaya," ya ce a hankali, sannan ya tuna ana jinsa ya ɗaga murya. "Baiwar Allah, ni jami'in gwamnati ne. Ƙafar da ke taka matakalar majalisa ba ta taka 'ya'yan itace."

Mai ganga ya fara, jagora na kiran hagu, dama, hagu, dama. Injiniya ya tsaya a bakin kwarmi, hannu a baya kamar mai duba aiki. Ni da idona na ga takalmin nan lamba arba'in da bakwai yana ɗagawa yana sauka ba da izinin mai shi ba. Wani ɗan birni da ya zo hutu yana ta tsalle a cikin inabi kamar ya taka wuta. Injiniya ya jure minti uku cif, agogo na hannuna.

"Kai, ba haka ake yi ba! Za ka farfasa ƙwallon inabin, giya ta yi ɗaci. Da tafin ƙafa ake bi, a hankali. Matsa in nuna maka, minti ɗaya tak."

Awa biyu ya yi a ciki. Kwat a kan reshe, laktaye a wuya, gajeren wandon aro, shi ke jan layi, shi ke ba da waƙa, tsofaffi na amsawa suna kiran sunan ubansa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, sannan tausayinsa ya kama ni.

Ya fito ja jawur har cinya, ya ga Dona a tsaye, hankalinsa ya dawo.

"Ranki ya daɗe, wannan bincike ne na kimiyya da nake..."

"Huta, suruki," in ji ta. "Mijina ya shekara arba'in yana sayen giyar kwarin nan, shi ya koya mini gane mai tattaka daga tafiyarsa. Tun ranar da ka taka dardumar falona na san ɗan gidan wa nake magana da shi, shi ya sa ma na amince da yarinyar. Injiniyancin ne dai har yau ban gano inda yake ba."

Rana kuwa tuni ita da Deolinda suka sa ta a kan kwanon miya, ba wanda ya nemi shawararsa. A Covas aka yi biki.

Bayan wata biyu mutanen ƙauyen suka rubuto takarda suna neman a kafa musu allon masu yawon buɗe ido a daidai inda motar ta tsaya. Takarda ta iso teburin Mataimakin Babban Mai Kula da Allunan Hanya. Ni na buga, na miƙa masa, ya sa hannu yana kallon silin. Allon yana nan har gobe, da hoton tafin ƙafa a jiki: Kwanar Agwagwa, wurin kallo, a tsaya minti huɗu.