Kujerar Gwaji a Garin Tukuna

A wani gari mai suna Tukuna, ba a cewa yaro ya samu gurbi a babbar makaranta. Kujera ake cewa, kuma kujerar ce ta gaske, ta katako, mai ƙafa huɗu idan an yi sa'a. Kowane fanni da nasa kujerun: na likita, na lauya, na ungozoma, har da ɗaya ta ilimin kiwon zomo wadda ba wanda ya taɓa nema tun da aka kafa makarantar.

Sarkin garin, Mai Martaba Za-a-duba, mutum ne mai tausayi. Ya lura cewa duk ranar rabon kujeru sai iyaye mata sun yi ta suma a ƙofar fada, har a rasa ruwan yayyafa musu. Majalisa ta kwana uku tana shawara, sannan ta kafa Hukumar Rabon Gwaji, aka naɗa mata shugaba da sarautar Magajin Wataƙila. Daga yanzu, kafin rabon gaskiya za a yi na gwaji, domin mai suma ta suma da wuri ta saba.

A unguwar Bayan Layi akwai wata mai ɗinki, Hansatu, da 'yarta ta fari, Zulai. Tun ranar da Zulai ta taimaki akuyarsu ta haifi tagwaye ta ce ita ungozoma za ta zama, kuma ta ci jarrabawa da kyau. Hansatu ba ta son wasa da maganar yarinyar nan. Takardunta ma cikin leda biyu take sa su, ko da rani.

Da aka manna sakamakon gwajin farko a bango, sai ga sunan Zulai a kujerar zomo. Hansatu ba ta suma ba, don ta bar wake a wuta. Ta wuce kai tsaye wajen Magajin Wataƙila. Ya yi mata bayani a tsanake: wannan ba kujerar Zulai ba ce, kujerar da za ta samu ce da a ce yau ce ranar, to amma yau ba ita ce ranar ba. Abin yi shi ne ta je ta sake jera zaɓinta. Ta tambaya, in kowa ya sake jera nasa fa? Ya ce to gwajin ya lalace ke nan, sai a yi wani.

"To ranka ya daɗe, takardar nan ta bango me take gaya mini?"

"Abin da ba zai faru ba, Hajiya. Ki cire shi, kin ga an rage miki aiki."

"Ni ban je Makka ba tukuna."

"Ba komai. Hajiyar gwaji ce."

Akwai kuma doka: duk wanda aka ba kujerar gwaji sai ya zauna a kanta a filin makaranta daga hantsi zuwa la'asar, kwana bakwai, in ba haka ba a goge sunansa. Ranar farko wata ƙusa a kujerar zomo ta yage wa Zulai zane. Washegari Hansatu ta aro guduma wajen kafintan layinsu ta buga ƙusar ta lafe, don ba ta haifi 'ya don ƙusa ba.

Kasuwa ba ta bari an bar ta a baya ba. Mahauta suka fito da ragon gwaji: a kawo maka shi gida, a nuna masa wuƙa, a mayar da shi. Maroƙa suka koma yin kirari da raɗa, yadda za a iya janye shi in an sake rabo. Maƙwabta kan shigo barka ta gwaji, a miƙa musu kofi ba ruwa, su kai baki su ce Allah ya maimaita.

A gwaji na biyu Zulai ta faɗa kujerar likita. Maƙwabciyarsu Tasalla ta ɗauki guɗa, Hansatu ta toshe mata baki a tsakiya, ta ce rabin nan ya isa. Kujerar likita kuwa cike take da kuɗin cizo. Zulai ta dawo gida tana susa, ta ce in haka likitanci yake ita a mayar da ita wajen zomaye. Hansatu ta tafasa ruwa tukunya biyu ta ɗauka har filin, ta yi wa kujerar wankan da ba a taɓa yi mata ba. A gwaji na uku aka ba yara uku, har da Zulai, kujerar lauya ɗaya, suka yi mako suna gardamar wanda zai zauna a tsakiya, hukuma ta ce alama ce mai kyau.

Sai a na huɗu sunan Zulai ya fito a kujerar ungozoma. Ƙafar kujerar ɗaya na rawa, mazauninta ya tsage. Hansatu ta yi mata sabuwar ƙafa, ta goge ta har tana sheƙi, ta ɗinka mata matashi da ƙyallayen atamfa. Zulai ta zauna, ta ce, "Umma, wannan ko an ce in tashi ba zan ji ba." Hansatu ta ce ta rufe baki kada a ji ta, amma ita ma ranar da murmushi ta koma gida.

Ranar rabon gaskiya aka share fili, aka kafa rumfa. 'Yan gwaji aka ce su tsaya bayan igiya a matsayin shaidu. Can sai motoci suka fara shigowa. Wasu yara suka sauko, waɗanda ba a taɓa ganin ƙeyarsu a layi ko a rana ba, kowanne aka riƙe hannunsa har kujerarsa. Wata 'yar lukuta ta zauna a kujerar ungozoma, ta ɗan yi tsalle a kan matashin don ta ji laushinsa, sannan ta waiga ta tambayi direbanta wannan ta wane fanni ce.

Hansatu ta tsallake igiya.

"Ranka ya daɗe, yarinyata ta yi mako huɗu zaune a rana. Me aka gwada?"

"Kujerun mana, Hajiya. Ke kya yarda ki ɗora 'yarki a kan kujerar da ba a gwada ba?"

"Ai na ɗora."

Magajin Wataƙila ya ce shi ya sa hukuma take alfahari da su. Ya buɗe fayil ya nuna mata: an rubuta cewa duk kujerar da Zulai ta zauna a kai sai ta gyaru. Saboda haka, ko da yake bana wuri ya cika, an sa sunanta a sahun farko na gwajin baɗi, ba sai ta bi layi ba. Kujerar injiniya ake so ta fara da ita, don bayanta ya ɗan ɓalle, kuma a gidan Waziri akwai mai gama sakandare baɗi.

Ya ce ta gaida Zulai, kuma in za su zo kada ta manta da guduma.