Belin da Na Kai wa Wanzami

Sati biyu ina tashi da asuba maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙaya. Matata Rabi ta ce, "Malam, baki buɗe kake barci, ga fanka a kanka." Na ce mata ta bar wa masana harkar lafiya. Ni na riga na gano cutar: beli ne, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, ya sauko.

A majalisarmu ta unguwar Madabo na yi bayani har da nuni da yatsa, abokai uku suka raka ni wurin Baba Wanzami. Na zauna a tabarma, na yi bismilla, na wangale baki.

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sai ya mayar da kayansa cikin zabira.

"Ba ɗan Hajiya Asabe ba ne? Ai ni na cire maka beli ranar sunanka. Me kuma zan yanka?"

Na kama hanyar gida ina tunanin yadda na zargi abin da rabona da shi shekara arba'in. Da dare Rabi ta kashe fanka. Kwana biyu na warke.

Har yau in na yi tari a majalisa sai wani ya ce, "A kira Baba, ya sake tsirowa."