Likitar da Iska Ta Shiga

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na haukatar da wata baiwar Allah a gaban majami'a guda.

Majami'armu da ke bayan titin Wendover yawancinta Turawa ne, kuma duk shekara sukan tura ayari ya ziyarci ƙananan ikilisiyoyi a ƙasashen da babu ta yi katutu. Waccan shekarar aka zaɓi wani ƙauye can bayan Maraɗi. Da aka ce ana neman tafinta da za a ɗauki nauyin tafiyarsa, sanarwar ba ta ƙare ba na ɗaga hannu. Tun da na zo ƙasar Turawan nan ban ga mahaifiyata ba, ga shi daga Maraɗi zuwa Zariya tafiyar yini ce. A daren na kira ta na ce ina nan tafe.

Na shaida wa kwamiti cewa ni haifaffen Wusasa ne, Hausa ba ta da lungun da ban sani ba. (Ban ce musu hirata da mutanen Nijar ba ta wuce gaisuwa a kantin nama na Gate City ba.) Misis Karol, shugabar kwamitin, tsohuwar nas ce da ba ta ɗaukar cika baki. Ta ce a kira faston ƙauyen ta bidiyo bayan sujada, in fassara kowa yana ji.

Fasto Garba ya bayyana a babban allo, zaune ƙarƙashin dalbejiya. Gaisuwa ta tafi sumul, har ina ƙara gishiri. Sai Misis Karol ta ce in tambaye shi babbar bukatarsu.

"To ɗan'uwa, damuwarmu likitarmu ce. Bara da damana iska ta shige ta, ta ɗebe mata kai."

Na gyara murya na shaida wa jama'a da Turanci cewa likitar ƙauyen mace ce, mugun ruhu ya shige ta, hankalinta ya gushe.

"Tun sannan tana nan tsaye tsakar gari, rana bisanta, ruwa bisanta. Mata sun bar zuwa haihuwa."

Wannan ma na fassara. Wata dattijuwa ta dafe ƙirji.

"Yanzu haka awaki ka kwana cikinta."

Nan na tsaya da fassara. Awaki? Cikinta? Matata, da ke kujerar gaba, ta raɗa mini, "Baban Alheri, ka sake tambayarsa mana." Na san matambayi ba ya ɓata, amma idon Misis Karol yana kaina da biro a hannunta, kuma na tabbata ina cewa ban gane ba, kujerata ta jirgi ta tafi. Tsoro ya hana ni gaskiya. Na daure fuska na ce aljanun da ke jikin likitar da siffar awaki suke zuwa.

Wani dikin, dattijon majami'a, ya miƙe ya fara addu'a da ƙarfi. Dattijuwar nan kuka take yi riris. Misis Karol kuwa ko gezau, ta ce in tambaya mata sunan marar lafiyar, da kuma ko tana iya cin abinci.

"Fasto, yaya sunanta? Tana cin abinci kuwa?"

"Wa?"

"Likitar."

"Abinci kuma? Tsaya in gwada muku ita."

Ya tashi da waya a hannu, muna ganin ƙasa da takalminsa. Wasu suka rufe ido don kada su ga abin tausayi. Ni ma na so in rufe nawa har abada. Ya juya wayar, sai ga ɗan ginin bulo mai ɗaki biyu, ba rufi, da akuya a taga tana tuƙa.

Ashe a bakin mutanen Nijar, likita ita ce asibiti. Guguwa ce ta yaye rufin.

"Kwano muke biɗa, ɗan'uwa, kwano da katako," in ji Fasto Garba.

Babu wani tafinta a ɗakin, don haka da bakina na warware ƙaryata, jimla bayan jimla, har da awakin. Dikin bai ko ce amin ba ya zauna.

Wata ɗalibar jami'a 'yar Damagaram aka ba kujerar. Ni na kai su filin jirgi a motata, na sauke musu jakunkuna. A hanyar dawowa na tsaya gefen titi na kira mahaifiyata, na ce tafiyar ta fasu.

"Takardu ne suka hana?"

"A'a Mama, Hausa ce ta kayar da ni."

Ta ce, "To, Allah ya sa da rabon mu gana." Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Yanzu ko sannu Bamaraɗe ya ce mini, sai na tambaye shi me yake nufi.