Rasuwar Burushin Farcen Baba Sifana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Baba Sifana, makaniken garejin bayan kasuwa, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa burushin farcensa ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi.

Marigayin ya fara aiki ne a matsayin burushin haƙori. Da ya tsufa aka yi niyyar jefar da shi, sai Baba ya ɗauke shi, ya ba shi mazauni a cikin gwangwanin madara kusa da famfon gareji. Nan ya shekara yana bin ƙarƙashin farata goma da sabulu kowace yamma, bai taɓa nuna ƙyama ba, abin da ba za a iya faɗa game da wasu 'yan adam ba. Gashinsa ya lanƙwashe daidai da yatsun maigidansa. Ya san lungun babban yatsan da guduma ta taɓa fasawa, yana shigarsa a hankali. Maganarsa ɗaya ce tak a duniya: shak-shak-shak.

Babban aikinsa ya zo ne bayan an haifa wa Baba jika. Surukarsa mace ce mai tsafta, ba ta miƙa jaririyar sai ta duba farata, kuma Baba bai ga laifinta ba. Albarkacin marigayin, duk Lahadi yakan ci wannan jarrabawa, ya rungumi yarinyar, ta damƙe ɗan yatsansa ta ƙi saki.

Ajali ya zo ta hannun ɗan Baba na cikinsa, uban jaririyar, ma'aikacin ofis, wanda ya kawo motarsa gyaran kyauta kamar yadda ya saba. Ya ga kan batir ya yi tsatsa, ya miƙa hannu cikin gwangwani ba tambaya, ya goge tsatsar da burushin. Ruwan batir ya cinye gashin marigayin tas. Aka tsince shi a kwata, sai sanda.

An nemi magaji. Sabon burushi na kanti tauri gare shi, bai san hanya ba, sama-sama yake wucewa. Tsinken tsintsiya kuwa jini ya fitar, dauɗar na nan daram. Haka Baba ya tafi ganin jika ranar Lahadi. Suruka ta dubi hannun, ta gaishe shi da ladabi, ta ba da uzurin cewa yarinya na barci, alhali ga idonta nan biyu tana wutsil-wutsil da ƙafa. Ɗan kuwa, wanda wannan baƙin man ne ya kai shi makaranta har ya sami ofis, kansa na kan waya. Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai, har yau bai huce ba.

Marigayin ya bar farata goma, duk marayu, da guntun sabulu, da gwangwani wayam.

Za a binne shi gobe da la'asar a bayan gareji, kusa da tsofaffin tayoyi. An yafe wa wanda ya kashe shi zuwa, kada takalminsa ya ɓaci. Masu ta'aziyya su yi haƙuri, Baba ba zai ba kowa hannu ba. Tun ranar Lahadi hannuwansa na cikin aljihu.