Ranar da Na Kori Ɗaliba daga Layin Ɗalibai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da wata Lahadi a Kafanchan. Majami'armu ta shirya addu'ar sallama ga marayu da 'ya'yan manoma da aka nema wa gurbin karatu a kwaleji, aka ce ni ne baƙo mai jawabi. (Dalili? Na zauna a Gana da Kamaru da Jamus, ina jin harsuna da dama, kuma ba na bari a manta.)

Na hau mumbari na yi ta zuba. Na ce a Jamus na ga mai furfura a aji ɗaya da sa'o'in jikokinta, amma mu nan da mace ta haihu sai a ce littafi ya rufe. Aka yi tafi, kaina ya kumbura.

Sai Fasto ya ce ɗaliban su fito a ɗora musu hannu. Samari da 'yan mata suka taso. A cikinsu har da wata dattijuwa sanye da zanen zumuntar mata, tana tafe a hankali. Makirufo na hannuna. Na ce, "Mama, ki ɗan koma benci. Ɗalibai ake kira, iyaye sai an jima."

Matar ta dubi Fasto ta ce, "Ban faɗa maka ba? Na ce kunya za a ba ni. Bari in koma gonar cittata." Ta juya ta nufi ƙofa.

Fasto ya raɗa mini (makirufo ya kwashe ya watsa wa kowa), "Baba, Mama Rahila ce daga Kagoma. Gwauruwa ce. Da ƙyar muka lallashe ta ta karɓi gurbin nan."

Wayyo! Na bi ta da gudu, babbar riga na harɗe ni, na durƙusa a bakin ƙofa. "Mama, ki yafe mini. In kin fasa, ni na jawo."

Ta juyo ta ce, "Tashi, Baba, kada gwiwa ta riƙe a ce ni ce. Zan je. Amma kai za ka ɗaukar mini akwati."

Ranar da ta tafi kwaleji na ɗauka kuwa, a ka, har ɗakin kwanan ɗalibai, mai gadi yana ce mini, "Tsoho, ajiye nan." Tun ranar, in na ga furfura a layi, gaisuwa nake yi in kama bakina.