Kocin Dattawa

A wasan ƙwallon kwando da muke bugawa ta waya, ni aka zaɓa kocin matasan Najeriya, 'yan shekara ashirin da ɗaya zuwa ƙasa. Na samu wani dogo, na yi wata uku ina horar da shi. Ko ina gonar shinkafa a fadama, sai na hau tudu neman sabis saboda shi. Na shaida wa majalisarmu ta Haɗeja cewa kofi ya riga ya zo gida.

Ranar gasa na nemi sunansa, babu. Abokina Sabo ya karɓi wayar ya duba.

"Malam koci, yaron naka ai ya cika ashirin da biyu tun jiya."

Har yau in na iso majalisa sai su ce, "A matsa wa kocin dattawa. Ya gwiwar tsohon naka?"