Kuɗin Duwan na Ƙanƙarar Kanada

Ranar da Isufu, ɗan ƙanwata da ke Kanada, ya nuna mini ta talho yadda ƙanƙara ta binne ƙofar wani kanti, sai da na yi salati. Ya ce, "Kawu, masu kantuna da tsada suke biyanmu mu kwashe ta."

Ni da kullum nake sayen ƙanƙara don kifina a kasuwar Malanville! Na sa babbar riga, na tafi wurin abokina ma'aikacin duwan, wato kwastan, na tambaye shi gaban jama'a nawa ake biya wa babbar motar kamiyo guda ta ƙanƙarar Kanada.

Ya ce, "Alhaji, in ta iso, taho da jarka mu auna."

Har yau, da an fara ruwan sama, sai 'yan kasuwa su ɗaga murya: "Alhaji, kayanka sun iso!"